Ranar da Magajiya Ta Tare Sarki a Bakin Lambu

Masu riƙe da labaran mutanen da sun ce an yi wani gari a bakin rafi mai suna Kwarin Ɗinya, aka kuma yi masa wani sarki da ake kira Tunau. Mutum ne mai nauyin baki, ba ya yanke magana sai ya juya ta ya sake juyawa, har masu jiran hukunci su gaji da zama. Yana da ƙane guda, uwa ɗaya uba ɗaya, sunansa Anaruwa. Shi kuwa wannan kamar da wuta aka yi shi, kafin a gama faɗin abu ya riga ya miƙe.

Wata shekara da damina ta yi nisa, rafi ya cika ya ɓalle gaɓa, ruwa ya nufo unguwar marina. Sarki ya tara manyan gari aka zauna shawara. Ba a tashi daga zaman ba sai labari ya iso cewa Anaruwa ya kwashi samari da kwanduna da fartanyu, ya shiga ruwa iya ƙirji, sun toshe ɓarakar. Unguwa ta tsira, ko akuya ba a rasa ba. Daga ranar sunan Anaruwa ya shiga bakin kowa. Da kaka ta yi, zumuɗi ya kwashi wani maroƙi ranar kasuwa, ya zuba masa kirarin da ba a yi wa kowa sai mai gari, mata suka rangaɗa guɗa.

Sarkin Fada, wani dogon mutum mai taushin murya da ake kira Barmo, shi ya kai wa Sarki maganar. Ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, yau kirari aka ba shi. Ban san abin da za a ba shi gobe ba." Bai ƙara komai ba, amma kullum sai ya sami hanyar tuna masa. Sarki ya yi ta juya zancen har sanyi ya shigo, sannan ya yanke hukunci: Anaruwa ya bar ƙasar, ba doki, ba rakiya, ba ranar dawowa.

Anaruwa bai nufi ƙofar gari ba. Ya nufi gidan gwaggonsu, Magajiya Tsahare, yayar mahaifinsu, wadda ke riƙe da sarautar matan gari tun kafin a haife su. Ta saurare shi har ya gama, ta ce ya shiga ɗakin tsakiya ya zauna, kada ya leƙo sai ta kira shi. Dogarai suka zo, ta ce su koma. Suka sake zuwa da yawansu, ta sa aka dama musu fura, suka sha, ta ce su koma.

Magajiya tana da lambu a bayan gidanta, ɗan fili ne da aka kewaye da dangar kara, da rijiya a kusurwa. Tun da ƙafa ta fara gaza mata ta rage zuwa fada, nan take wuni. An yanka filin fangali-fangali, kowanne an ɗaga masa baki don ya riƙe ruwa, kuma a cikin kowanne ta jera kabeji da tazara, ta cike tsakaninsu da latas. Kashegari da hantsi tana zaune kan 'yar kujera tana tsinke ganyen da tsutsa ta taɓa, sai matar da ke yi mata hidima ta shigo tana haki ta ce, "Ranki ya daɗe, Sarki ne da kansa a zaure."

 Magajiya ta san Tunau sarai: ba ya saurin hawa, amma in ya hau ba ya saurin sauka. Ta tura hannunta cikin laka ta ce, "Ki ce masa ina lambu, hannuna da ƙasa. In magana ce, ya ƙaraso."

Sarki ya shigo, Sarkin Fada na biye da shi, dogarai suka tsaya a bayan danga.

"Gwaggo, ina kwana?"

"Lafiya lau, ɗana. Kula da ƙafarka, nan dashe ne."

Sarkin Fada ya yi gyaran murya ya ce, "Magajiya, Sarki ne fa a tsaye."

"Na gan shi. A ɗakina aka yaye shi, ba sai an nuna mini shi ba. Kai kuma ban tuna na aika a kira ka ba."

Sarki ya ce, "Na zo ki ba ni Anaruwa."

"Ba zan bayar ba."

"Kin san abin da ke kan wanda ya ɓoye mutumin da Sarki ya kora."

"Na sani. A karɓe sarauta, a rufe gida. Sarautar tana nan, ka aiko a ɗauka, ba ta taɓa taya ni ban-ruwa ba. Gidan kuma in za a rufe, a rufe da ni da shi a ciki."

Jijiyar goshin Sarki ta tashi. Can ya sassauta murya ya ce, "Gwaggo, ba ƙinsa nake yi ba. Garin ne ba zai ɗauke mu mu biyu ba. Kullum shi ake gani a gaba, ni a baya. In na zuba ido, wata rana zan wayi gari ina baƙo a gidan ubana."

Magajiya ta ɗago ta dube shi da kyau. Ba sarki ta gani ba, sai yaron nan da yakan tsaya a bakin ƙofa yana kallon 'yan'uwansa suna tsere. Tausayi ya kama ta, amma ta danne shi, don ta san in ta yi laushi yanzu an gama. Ta ce, "Na taɓa jin irin maganar nan a bakin wani mutum mai suna Cindo, kuma a bakin lambu ya faɗe ta. In kana da haƙurin da ake cewa kana da shi, zauna ka ji yadda suka ƙare da Hakama. In na gama, sai ka sa dogaranka su taka ni su wuce."

Sarki ya duba bai ga shimfiɗa ba, sai wani tsohon turmi a kife. Ya tattare riga ya zauna a kai ya ce, "Wace ce Hakama, kuma me ya haɗa ta da Cindo?"

Magajiya ta ce:

A wani ƙauye da ake kira Gidan Marke an yi wata mata mai suna Hakama. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya ƙanana, ta ƙi komawa gidan iyayenta, ta zauna a gidan dangin mijin tana riƙon marayunta. Maigidan shi ne yayan mijin, Cindo, manomin kabeji da duk yankin ya san da zamansa. Fatake har daga nesa suke zuwa da jakuna su yi lodi a ƙofarsa. Ba mugu ba ne, sai dai bai saba a yi wani abu a gidansa saɓanin yadda ya tsara ba.

A bayan gidan akwai lambu da rijiya, rabon mamacin a ciki bai wuce fangali biyu ba. Da lokacin dashe ya yi, Cindo ya ba Hakama irin kabeji, ta dasa. Ta tsaya ta dubi ƙasar da ke tsakanin kabejin, wayam ba komai, ta tuna cewa kabeji sai ya yi watanni kafin ya dunƙule kai, yara kuwa cikinsu bai san jiran watanni ba. Ta je wurin wata maƙwabciya ta roƙo irin latas, ta dasa a tsakani.

Latas ya kama da wuri. Kafin kabeji ya gama farfaɗowa daga wahalar dashe, latas ya baje ya rufe ƙasa, kore shar. Hakama ta fara tsinkar ganyen gefe tana yi wa yara kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Masu wucewa ta bayan danga suka riƙa tsayawa suna yaba latas ɗin, ba wanda ya ce uffan game da kabeji. Wannan shi ya fi komai ci wa Cindo rai.

Ya same ta wata safiya tana ban-ruwa ya ce, "Hakama, wa ya ce ki cusa ganyen nan cikin kabejina?"

Ta ce, "Yaya, kabejinka ne ko na marayu?"

"Irina ne, kuma duk wanda ya gan shi sunana zai kira. Wurin ba zai ɗauke su su biyu ba. Wannan mai gaggawar zai shanye taki da ruwa, kabeji ya tsumbure, a ce Cindo ya manta noma. Ki tuge shi."

"Ba zan tuge ba."

 Cindo ya kwance guga daga bakin rijiya ya naɗe igiyar ya kai ɗakinsa, ya ce ruwan rijiyarsa ba zai shayar da abin da ya hana ba. Hakama ta ɗauki tulu da gammo ta nufi kududdufin bayan gari. Safe da yamma tana jigila, har wuyanta ya sanƙare, tafin ƙafarta ya tsattsage. Matan gida suka fara da dariya, suka koma tausayi, suna cewa, "Ki tuge masa mana, ki huta. Mene ne a ganye?" Takan ce, "Ba ganyen ba ne. In na tuge yau don an ɗaga mini murya, gobe me za a ce in tuge?"

Da Cindo ya ga ƙishi bai kashe latas ba, sai ya saɓo fartanya ya shigo lambu da kansa. Hakama ta ajiye tulu ta sha gabansa ta ce, "Yaya, kai ne babba, kuma ƙarfina bai kai in riƙe hannunka ba. Amma kafin ka sara, ka ji abin da ya sami Burtu bayan ya kori Shamuwa."

Cindo ya dogara fartanya a ƙasa ya ce, "Faɗi in ji, in ya so na sara daga baya. Me ya sami Burtu?"

Hakama ta ce:

A gefen wani gari akwai wata tsohuwar kuka mai babban kogo. Burtu da matarsa suna zaune a kogon shekara da shekaru, rani da damina. Kowace shekara in ruwa ya kusa sauka, sai Shamuwa ta zo ta gyara sheƙarta a ƙololuwar kukar. Ranar da ta sauka gari yakan ɗauki murna, manoma su fito da iri su duba, yara su kewaye kukar suna waƙa. Dattawan garin kuwa sun kafa doka: itacen da ke ɗauke da sheƙar shamuwa ba a jifansa, ba a hawansa, ba a harbi a inuwarsa, ko tana nan ko ta tafi.

Burtu ya riƙa jin haushi. Yakan ce wa matarsa, "Ni ne nake nan lokacin da ganye ya kaɗe, ni ne nake nan lokacin zafi. Wa ya taɓa yi mini waƙa? Ita ta zo jiya, yau an cika mana kunne."

A gindin kukar akwai ramin Guza. Guza ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan ƙwan Burtu, amma Shamuwa daga sama tana hango duk abin da ke motsi, da ta gan shi ya fara hawa sai ta yi ta ƙwanƙwasa baki har masu gida su dawo a guje. Wata rana Guza ya sami Burtu shi kaɗai, ya sunkuyar da kai ya ce, "Maigida, wata 'yar tambaya ce da ni. Kukar nan ta wa ce? Na ji yara suna kiranta kukar Shamuwa."

Maganar ta shiga Burtu ta zauna. Ya jira har kaka ta wuce Shamuwa ta tafi, ya hau ƙololuwa ya wargaza sheƙar, tsinke ɗaya bai bari ba. Da ruwa ya kusa, Shamuwa ta dawo ta tarar da shi a tsaye a wurin, ya kumbura wuya.

Ta ce, "Ban taɓa shiga kogonka ba, ban taɓa cin rabonka ba. Sama na zauna, inda kai ba ka zama."

Ya ce, "Ki tafi dai."

Ta tafi ta yi sheƙa a wata tsamiya can ƙetaren gari, yara suka bi ta da waƙarsu. Burtu ya sami shirun da yake nema, ya yi ta yawo a gindin kuka yana taƙama. Ba a jima ba, ranar da shi da matarsa suka fita kiwo, Guza ya hau a hankali ya shanye ƙwan tas, ba wanda ya ƙwanƙwasa baki. Suna cikin wannan baƙin ciki, sai wani maharbi ya je wurin dattawa. Ya daɗe yana son kan burtu, irin wanda maharba ke ɗaurawa a goshi su yi rarrafe cikin ciyawa don namun daji su zaci tsuntsu ne. Ya tambaye su, "Kukar nan ta gefen gari, da sauran sheƙa a kanta?" Suka ce babu. Ya koma gida ya ɗauko kwari da baka.

Hakama ta ce, "Yaya, Burtu ya sami kukarsa shi kaɗai, kansa kuma ya ƙare a goshin wani yana yaudarar barewa. Ya zaci wurinsa Shamuwa take ci, ashe gadinsa take yi."

Magajiya ta tsaya nan ta gyara zama. Ta ga Sarkin Fada ya sauya ƙafa, ta ga Sarki ya zuba wa ƙasa ido. Sarki ya ce, "Cindo ya ji?"

Ta ce, "Ina fa. Namiji da fartanya a hannu, mata na leƙe ta danga?" Ta ci gaba:

Cindo ya ce tatsuniyar mata ce. Ya ture ta gefe ya shiga fangalin farko, ya sassare latas ɗin kaf, ya kwashe ya watsa bayan danga, awaki suka taru a kai. Da ya juyo kan na biyu, sai ya tarar da Hakama zaune a tsakiyarsa cikin laka, ta miƙe ƙafafu ta harɗe hannuwa. Ta ce, "Wannan kam sai ka fara da ni." Ya ɗaga fartanya, ya dubi matar ƙanensa, ya dubi marayun da suka maƙale a jikin danga suna kuka, ya kasa sarawa. Ya saɓa fartanya zai fita, sai ta ce, "Yaya, wancan da ka share na bar maka shi. Kai ka gyara shi, kai za ka yi renonsa. Ko ɗigon ruwa ba zan ƙara zuba masa ba."

Haka aka yi. Cindo ya karɓi fangalinsa, ga rijiya ga guga. Amma ƙasar da ya tone ta zauna a buɗe, rana na dukanta. In ya ba da ruwa da safe, kafin azahar ta bushe ta tsattsage. Gurbin da latas ya bari bai zauna wayam ba, aya-aya da ƙiri-ƙiri suka fito kamar an gayyace su. Ya sa fartanya ya nome, kowace sara ta taɓa saiwar kabeji, ciyawar kuma ta dawo ta fi da. Na Hakama kuwa, ganyen latas ya lulluɓe ƙasa, tulu kaɗan ya ishe shi, ciyawa ba ta ga hasken da za ta tsiro ba.

Sai dai labarin bai ƙare nan ba. Sanyi ya fara ja da baya, kabejin Hakama ya buɗe manyan ganye yana neman wuri, latas kuma ya cika ya tumbatsa, ya fara miƙa kara sama zai yi fure. Ta tsinki ganye ta ɗanɗana, ta ji ɗaci ya fara shiga. Ta san lokacin yanka ya yi, amma ta ƙi, don kada a ce Cindo ya ci. Suka matsi juna, har kabejin gefe ya fara rawaya.

Cindo ya gani. Ya tsaya daga nasa ɓangaren, ba dariya ba gori, ya ce, "Hakama, ya isa yanka. Wancan karon gaskiyarki ce, wannan karon tawa ce."

Ta daɗe tana kallon lambun. Sannan ta shiga ɗaki ta ɗauko wuƙa, ta bi latas tana yankewa daga gindi, tana jerawa a kwando. Ta wanke mafi kyau ta kai wa Cindo da hannu biyu, ta raba wa kowane ɗaki na gidan, saura aka kai kasuwa, ta bar kaɗan a bakin fangali ya yi mata iri. Kabeji ya sami sarari ya dunƙule kai, kowanne sai an rungume shi. Da yamma ta fito ta tarar da guga a rataye a bakin rijiya, ba wanda ya ce da kowa komai.

Magajiya ta kai ƙarshen labarin. Sarki ya ɗago da sauri, abin da ba ya yi, ya ce, "To Gwaggo, kin kawo kanki. Ƙarshenta dai an cire latas ɗin."

Ta ce, "An cire shi. Amma cirewa biyu na ba ka labari. Ɗaya an sare shi da fushi tun bai isa ba, aka watsa wa awaki. Ɗaya an yanke shi a lokacinsa, aka kai shi da hannu biyu inda ake bukatarsa. Kai wacce kake shirin yi?"



Ta ƙara da cewa, "Ban ce ba ka da gaskiya ko kaɗan ba. Anaruwa ya girmi zaman fada ba aikin yi, in ka bar shi haka zai yi ɗaci, ku matsi juna. Ga garuruwan kan iyaka can, ɓarayi sun tare hanyar fatake, mutanen ba su ga idon sarauta ba tun rasuwar ubanka. Ka naɗa shi da rana tsaka, ka ba shi doki da mutane, ya tafi da sunanka a bakinsa. Amma ka kore shi a ƙasa kamar ɓarawon akuya? Samarin gari za su bi shi, ka ƙera wa kanka abokin gaba da hannunka. Kuma wurin da yake tsayawa kusa da kai ba zai zauna wayam ba. Waiwaya ka ga wanda ya matso ya tsaya a ciki tun yanzu."

Sarki ya waiwaya. Sarkin Fada na tsaye dab da kafaɗarsa, har inuwarsa ta rufe shi. Ya yi saurin durƙusawa ya ce, "Ranka ya daɗe, tsufa ne ya..."

Sarki ya ɗaga hannu ya ce, "Barmo, jira ni a waje."

Barmo ya fita.  Magajiya ta gama faɗin duk abin da ke bakinta, ba ta da saura, kuma ta san in ya miƙe ya kira dogarai, jikin tsohuwa ba zai tare ƙofa ba. Duk da haka ba ta sauke ido ba.

Can Sarki ya ce, "In na ba shi doki da mutane, ya juyo da su kaina fa?"

Ta ce, "Ba ni da tabbacin da zan ba ka, ni ba a zuciyarsa nake kwana ba. Ga shi nan a ɗaki. Tun da aka fara maganar nan ka taɓa tambayarsa?" Ta ɗaga murya ta kira, "Anaruwa!"

Anaruwa ya fito, ido ya faɗa, ya tsaya ƙyam. Magajiya ta juya kansa da irin muryar da ta yi wa yayansa ta ce, "Kai kuma kada ka zaci don na tare maka ƙofa na wanke ka. Da aka yi maka kirarin da ba naka ba, me ka yi?"

"Na yi shiru, Gwaggo."

"Murmushi ka yi, an gaya mini. Durƙusa."

Ya durƙusa cikin laka a gaban Sarki ya ce, "Ranka ya daɗe, na ji daɗin yabon, wannan laifina ne, ka yafe mini. Amma kujerarka ban taɓa sonta ba, zamanta ma ba zan iya ba. Aikin da na yi wa gari kuwa ba zan kira shi laifi ba, ko za a kore ni sau goma."

Sarki ya daɗe yana dubansa. Sannan ya miƙe daga kan turmi, ya kama hannunsa ya tashe shi. Ya juya ga Magajiya ya ce, "Na ji, Gwaggo, na kuma karɓa. Saura kaɗan in share fangalina in zauna noman ciyawa." Ya kira shugaban dogarai ta kan danga ya ce a yi shela an janye kora, a kuma gaya wa manyan gari su shirya naɗi ranar Juma'a.

Magajiya ta ce, "Allah ya yi muku albarka. Ku tafi haka nan, rana ta yi, ban gama aikina ba."

Ƙofar lambun ƙarama ce, ba ta wuce mutum ɗaya. Anaruwa, bisa sabo, ya yi wuf ya kai bakinta, sai ya tuna, ya ja da baya ya raɓe ya sunkuyar da kai. Sarki ya tsaya, ya dafa bayansa ya tura shi ya ce, "Wuce gaba, tun da ka iya. Amma ka riƙa waiwayowa ka ga ina nan."

Nan masu labarin suka ajiye shi, mu ma nan muka ajiye.